Na biya kuɗin bibiyar shekara guda, babban yatsa aka turo min

Wata goma ke nan da aka yi min aikin rage tumbi a Alƙahira, kuma tun da na dawo mata suke kirana, wasu ban ma san wanda ya ba su lambata ba. Tambayar ɗaya ce: ya aikin, ya asibitin, a biya kuɗin bibiyar da likitar abinci ke yi bayan aiki ko a bar shi? Bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta. Ejan-ejan ɗin da ke haɗa mutane da asibitin kun san su, masu ɗora hoton mutum da ƙibarsa a gefe guda, da ramarsa a ɗaya gefen.

Aikin kansa ba ni da abin faɗa sai godiya ga Allah. A watan Oktoban 2024 na hau sikeli ina kilo 131, ga ciwon suga na shekara shida, ga gwiwar da ta mayar da ni yin sallah a kan kujera. Huda biyar suka yi min a ciki, suka cire kusan kashi 80 cikin ɗari na tumbin, suka bar ɗan siriri mai siffar ayaba. Kwana biyu a asibiti, kwana takwas a masauki, na dawo Kano da ƙafata. Yau kilo 94 nake, goshina yana taɓa ƙasa a sujada. Likitan da ya riƙe wuƙar, Allah ya saka masa da alheri.

Magana ta a kan ɗaya abin da na biya ce, wato bibiyar. Yadda ejan ya kwatanta min, za a haɗa ni da likitar abinci a WhatsApp har shekara guda, duk abin da ya shige min duhu in tambaya, dare ko rana. Wannan alkawarin ne ya sa maigidana ya ƙara kuɗin ba tare da ya ja ba, don shi tsoronsa bai wuce mu dawo gida mu rasa mai ce mana ci wannan, bar wancan ba.

Ranar sallama likitar abincin ta miƙa min takarda mai shafi huɗu. Mako biyu na farko ruwa-ruwa zalla, mako biyu na gaba markaɗaɗɗen abinci, sannan mai laushi, daga mako na shida a soma gwada abincin kowa a hankali. Furotin giram 60 zuwa 80 kullum. Ruwa lita ɗaya da rabi, amma ba a haɗa ci da sha, sai an ba da tazarar rabin awa. Ban da lemon kwalba mai gas, ban da ibuprofen da diclofenac. Duk wannan daidai ne, na tabbatar daga baya. Inda gizo ke saƙar shi ne jerin abincin: ful, miyar adas, labna, da wani cukunsu da suke kira ƙarish. Abincin gidansu ta rubuta min. Na sa an zaga manyan kantuna, abin da aka samu kuɗinsa ya fi ƙarfin a ci kullum, sauran kuwa masu kantin ko sunansa ba su taɓa ji ba.

Haka na lallaɓa makonnin farko da tataccen romon kaza, da kindirmo, da gwangwani biyu na garin furotin da na taho da su. Da murfin maganin tarin yara nake auna ruwa, kurɓa ɗaya in jira, kurɓa ɗaya in jira. Yunwa dai babu, domin ɓangaren da aka cire shi ne ke fitar da yawancin sinadarin da ke tayar da ita. Amma ido yana gani, hanci yana ji. Ranar da yara suka ci ɗanwake ɗaki na shiga na rufe.

A mako na biyar ƙanwar maigidana ta haihu. Na san gidan suna, na san surukata Hajiya, na san ba yadda za a yi in wuni a can ban kai komai bakina ba. Don haka tun ranar Talata na ɗauki hoton fura da nono na tura wa likitar, na yi mata bayani da Turanci cewa gero ne ake dafawa a daka, a dama shi da nono, zan iya sha? Talata shiru, Laraba shiru. Ranar Alhamis da dare ta turo hoton babban yatsa. Shi ke nan. Ba ta ce nawa zan sha ba, ba ta tambayi me ake zubawa a ciki ba, ba ta ce in sha a hankali ba. Ni kuwa na ɗauka an ba ni izini.

A nan sai na faɗi wani abu: dangin maigidana ba su san aikin da aka yi min ba. Cewa muka yi maganin suga na je. Kun san bakin mutane, za a ce mace ta kai kanta an yanke mata ciki saboda kwalliya, ba wanda zai tuna gwiwa ko suga.

Ranar Asabar gida ya cika. Aka kawo waina na ce na ƙoshi, aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe na ce sai anjima. Hajiya tana kallona daga kan dardumarta. Can ta yafito ni. “'Yar nan, wannan rama ta isa haka. Tun safe ban ga kin sa komai a bakinki ba. Ga fura nan na sa an dama miki daban, na ce kada a kuskura a sa miki sukari. Zuma ce kawai da dabino.” Da hannunta ta miƙo min. Tsakani da Allah ta yi, ita a saninta zuma magani ce, kuma haka yawancin iyayenmu suka ɗauka.

Na karɓa na ce, “Na gode Hajiya, Allah ya ƙara girma.” Idon mata a kaina, sai na kasa yin kurɓa-kurɓar da na saba. Na sha kamar rabin kofi a tashi ɗaya.

Ba a yi minti goma sha biyar ba na ji zafi ya taso min daga ƙirji zuwa fuska. Zufa ta karyo min har mayafina ya jiƙe, zuciyata tana dukan da nake jinsa a kunne, ɗakin yana juyawa. Cikina ya murɗa. Da bin bango na kai banɗaki, kuma a can na zube a ƙasa da leshina da komai. Gudawa, yunƙurin amai ba abin da ke fitowa, hannuna yana rawa har na kasa riƙe buta. Ina jin mata a bakin ƙofa, wata na cewa ko juna biyu ne, wata na cewa a kawo ruwan tofi, Hajiya kuma tana ta salati tana cewa, “Ni na ba ta, wallahi ni na ba ta.”

Abin da ya fi tsorata ni, a asibiti an ja min kunne cewa bugun zuciya da sauri yana daga alamun farko na ɗinkin tumbi ya buɗe. A ƙasan banɗakin nan na yi kalmar shahada. Na lalubo waya na tura wa likitar abincin saƙo, na kira sau huɗu, tana shiga ba a ɗauka. Na kira ejan, a kashe.

Maigidana ya zo ya ɗauke ni. A mota abin ya lafa, na ce mu wuce gida. Wajen awa biyu bayan nan sai ga wani sabo: rawar jiki, zufa mai sanyi, idona yana ganin duhu-duhu. Ya ɗauko na'urar awon suga, ta nuna 58. Daga nan bai ƙara sauraron ta bakina ba, ya kai ni wani ƙaramin asibiti a unguwarmu. Likitan da ke aikin dare, yaro ne ma, shi ya duba zafin jikina, ya danna cikina, ya sa min ƙarin ruwa, sannan ya zauna ya yi min bayanin da na biya wata kuɗi ta yi min. Ya ce sunan abin damfin. Tumbin da aka rage ba ya riƙe abinci kamar da, idan abu mai zaƙi sosai ya shiga sai ya zarce ƙaramin hanji a guje, hanjin ya janyo ruwa daga jijiyoyin jini, shi ne jirin da bugun zuciyar da gudawar. Daga baya jiki ya saki insulin da yawa don ya kama sugan da ya hau, sai ya faɗo ƙasa warwas, shi ne na biyun. Ya ce an fi ganinsa ga waɗanda aka karkatar wa hanji, amma masu irin aikina ma yana samunsu. Zuma da dabino da gero a ruwa-ruwa, a sha da sauri, ya ce ba abin da ya rage.

Amsar likitar abincin ta shigo washegari bayan la'asar. Layi ɗaya: ba komai, ki guji sukari. Da hoton fuska mai murmushi.

Ban ga laifinta don ba ta san fura ba, ni ma ban san ƙarish ba sai da na je garinsu. Amma wanda bai san abu ba tambaya yake yi. Tambaya ɗaya, me kuke sa wa a ciki, da ta raba ni da daren nan. Kuma ba jikina kaɗai ya ji ba. A daren dole maigidana ya faɗa wa Hajiya gaskiya, don ta ƙi barci tana kuka. Da na je gaishe ta bayan kwana uku, ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi faɗan da ya fi min sauƙi. Cewa ta yi, “Da kun faɗa min, da hannuna bai ba ki abin da zai cuce ki ba. Ashe ban kai a gaya min ba.” Har yau idan na tuna sai idona ya kawo ruwa.

Don kada in ci haƙƙinta, akwai inda ta yi min amfani. A watan Disamba ƙwannafi ya hana ni barci, ta ce in ci gaba da omeprazole, kada in kwanta sai bayan awa uku da cin abinci, in kuma ɗaga wajen kaina. Ya yi aiki. Ita ce kuma ta tuna min kada in yi wasa da maganin da ke hana tsakuwa taruwa a matsarmama, wanda ake sha wata shida saboda saurin ramar. Da na fara rubutun nan niyyata in ba su uku cikin biyar saboda wannan.

Sai dai ina rubutu ina tuna gashina. A wata na huɗu mai kitsona ta tsaya da mataji a hannu ta ce, “Maman yara, lafiya kuwa? Kin ga abin da ke biyo ni?” Na tura wa likitar hoton gashin a tafin hannuna. Abin da ya dawo min tallar wani bitamin ne na gashi da suke sayarwa, da kuɗin aikowa. Ba ta tambayi giram nawa na furotin nake samu ba, ba ta ce in je a auna jinina ba.

Sannan azumi. An ɗauka ranar 1 ga Maris na 2025, ina cikin wata na biyar. Tun saura kwana goma na tambaye ta, kuma ita ma musulma ce, ta san abin da nake nufi. Ta ce ya rage nawa. Na ɗauka. To ku lissafa da kanku: daga magariba zuwa sahur, tumbin da ɗan kofin shayi ke cika shi, a ce ya ɗauki lita ɗaya da rabi na ruwa, ya ɗauki abinci, da tazarar rabin awa tsakaninsu, a zafin Kano na watan Maris. Rana ta uku a gadon asibiti na sha ruwa, da allurar ƙarin ruwa a hannuna. Malamin islamiyyarmu ne ya ce min mara lafiya Allah ya yi masa rangwame a cikin Baƙara, in ajiye in rama idan na samu ƙarfi. Wannan maganar ta mai bibiyata ce tun farko, ita ta san girman tumbin da suka bar min.

A wannan kwanciyar wata ma'aikaciyar jinya ta ce min ai akwai sashen masana abinci a babban asibitin gwamnati a nan cikin gari. Na je na yanki kati, na bi layi tun bakwai na safe har kusan azahar. Matar da na samu tambayarta ta farko ita ce, “Hajiya, me aka dafa a gidanku jiya?” Daga tukunyata ta fara. Ta lissafa abin da nake ci, furotin ɗina bai wuce giram 35 ba, rabin abin da ake so. Ta tura ni awo, aka ga sinadarin ƙarfe ya yi ƙasa, ta haɗa ni da likita ya rubuta min maganinsa da allurar B12. Ta ce zubar gashi tsakanin wata uku zuwa shida abu ne sananne bayan wannan aiki, amma ƙarancin furotin da na ƙarfe suna ƙara shi.

Ta zana min rana guda a bayan katina: dafaffen ƙwai da safe, kowane ɗaya giram 6, alala da hantsi, awara a dafa ta a miya maimakon a soya, kifi, dambun kaza, kindirmo ba zaƙi. Miyar kuka ko kuɓewa da niƙaƙƙen nama a ciki. Nama ko kifi a fara ci, tuwo a ƙarshe, loma biyu, idan wuri ya rage. Tuwon shinkafa har yau tsaya min yake a ƙirji, na haƙura da shi. Da babbar sallah soyayyen nama ya gagare ni, farfesu na ci, tsoka uku, ina taunawa har muƙamuƙina ya gaji. Fura ma ta ce in sha abina: cokali biyu a cikin nono, ba zuma ba dabino, a zaune, cikin minti ashirin. Haka nake sha yanzu kuma ko gezau. Gashina ya soma tsirowa a gaban goshi.

Saboda haka maki biyu cikin biyar nake ba bibiyar, kuma biyun na ƙwannafi ne da maganin matsarmama. Makon jiya suka turo min saƙo cewa shekarata ta kusa cika, akwai rangwame idan zan sabunta. Na tambaya nawa ne, don in gani. Cikin minti huɗu aka amsa min. Wallahi raina ya ɓaci har na kasa ƙarasa alalar da ke gabana. Na koma baya a wayar, na nemo ranar sunan, na ɗauki hoton kiran nan huɗu da saƙon da ya kwana ba amsa, na tura musu. An buɗe, an gani, yau kwana shida ba su ce komai ba.