Datan soshiyal ko na gama-gari?

Tun da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 kan kuɗin kira da data a 2025, kullum a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano sai an tambaye ni wanne ya fi.

Na soshiyal akwai arha, amma a ɗaure yake: WhatsApp, Facebook da 'yan uwansu. Ka taɓa wani shafin, shiru. Kamfani ne ya zaɓa maka inda za ka leƙa, abin da ni ban so. Irin wannan fifikon ne ya sa Indiya ta hana Free Basics, tsarin Facebook na shiga wasu zaɓaɓɓun shafuka kyauta, a 2016.

Na gama-gari da tsada, bidiyo kuma na lashe shi nan da nan, amma ko'ina yana shiga, har manhajar banki.

Mai tallan atamfa ta WhatsApp a Kantin Kwari, na soshiyal ya ishe shi. Ɗalibin Jami'ar Bayero (BUK) mai bincike kuwa, sai na gama-gari.