Tractor da Hoover: wanne sunansa ya fi dacewa da shi?

Ɗan'uwa da ka ce ka kalli bidiyon kan jirgin ƙasan Birtaniya Class 50 har sau uku baka ji ƙarar injin shara ba, to me ya sa ake ce masa Hoover, shi kuma Class 37 ake ce masa Tractor, wallahi kunnenka lafiya lau yake, bari in jera maka su.

Duk biyun kawunan jirgin ƙasa ne, kamfani ɗaya ne ya ƙera su a Ingila, English Electric, kuma dizal suke sha. Class 37 shine babba a shekaru, daga 1960 zuwa 1965 aka yi guda 309, ƙarfin doki 1,750, silinda 12. Shi wannan ba sai an yi maka bayani ba, ka nemi bidiyon da yake tashi daga tasha da kaya a bayansa direba ya buɗe masa wuta, wani gurnani ne mai kauri yana bugawa ɗaya bayan ɗaya kamar tarakta ta kafa garma a busasshiyar ƙasa, hayaƙi na tashi baƙi ƙirin. Shi ya sa wasu ma Growler suke ce masa, wato mai gurnani, kuma in ka tambaye ni duka biyun sun hau shi daidai. Har yau akwai waɗanda ke kan aiki.

Class 50 kuwa guda 50 kacal aka yi, 1967 zuwa 1968, ƙarfin doki 2,700, silinda 16, yana kai mil 100 a awa, fasinja yake ja daga garin Crewe na Ingila zuwa Sukotlan kafin a gama sa wa layin lantarki a 1974 a kai su yammacin Ingila. To abin da mutane da yawa basu gane ba, sunan Hoover ba daga injin ya fito ba. Akwai fankoki a wajen da ke tace iskar da ke shiga ciki, su ne ke wani zuuu kamar injin zuƙar ƙura na kamfanin Hoover. Tsarin ya yi ta basu matsala, da aka kai su babban gyara garin Doncaster tsakanin 1979 da 1983 sai aka cire shi gaba ɗaya. Ƙarar ta tafi suna ya zauna, ka ga kenan bidiyon da ka kalla na bayan gyara ne.

Masu cewa Hoover ya fi daɗin faɗa ban musa musu ba, kuma 50 ɗin yana da kwarjini, ga sunayen jiragen ruwan yaƙi da aka liƙa musu irin su Ark Royal. Amma ni kam a wajen dacewa Tractor na ba, don shi ko yaro ka kunna wa zai ce maka tarakta ce, shi kuwa Hoover sai ka samo tsohon rikodin na kafin gyaran sannan za ka ji abin da dattawan da suka sa masa sunan suka ji a bakin tasha.