Ɗan littafin tushen kalmomin Girkanci da ake sayarwa a Samaru

Jama'a masu yara a SS3, da 'yan ajin farko a ABU da sunayen kimiyya ke caza wa kai, akwai wani ɗan littafi da wani shagon fotokwafi ke sayarwa a Samaru. Ƙanwata na saya wa amma ni na riga ta karance shi.

Abin da ya burge ni bai ce ka yi hadda ba, fasa sunan yake yi gida-gida. Gyaɗar nan da muke soyawa sunanta Arachis hypogaea, hypo ƙarƙashi ne gaia kuma ƙasa, to duk wanda ya taɓa cirar gyaɗa ai ya san inda take zuba 'ya'ya, daga nan ba sauran mantuwa. Dorina Hippopotamus ce, wato dokin kogi. Wanda ya fi ba ni dariya Anopheles, sauron maleriya, ma'anarsa mara amfani, wallahi da gani wanda ya raɗa sunan ya sha cizo. Ɓangaren cututtuka shi ya fi kyau, Schistosoma mai kawo tsargiya tsagaggen jiki ake nufi saboda namijin tsutsar yana da tsagi a jikinsa inda macen ke zama, Trypanosoma na sammore kuma daga sunan abin huda katako ne. Ya ɗan taɓo Linnaeus mutumin Suwidin da ya tsayar da tsarin ba kowace halitta sunan kimiyya mai kalma biyu, 1753 a tsirrai, 1758 a dabbobi, shafi ɗaya, kuma ya wadatar.

Inda ya ɓata min rai, mai littafin ya ɗauka komai Girkanci ne. Ya cusa kuka a ciki alhali a sunanta Adansonia digitata, Adansonia daga sunan Bafaranshe Michel Adanson ne, digitata kuma Latin ce, yatsu take nufi, dubi ganyen kuka za ka gane. Haka ɗorawa, Parkia, daga Mungo Park. Yaro ya kwashi wannan ya kai wa lakcara ai jan biro kawai zai sha.

Bugun ma sai a hankali, shafukan tsakiya sun dushe har haruffan Girkancin sun koma ɗigo-ɗigo, sitefula kuma ta fara saki tun a makon farko. Kuɗinsa dai ba yawa, ku saya, amma ku buɗe tsakiyar a nan shagon kafin ku biya, in ya dushe ku ce a sake muku wani.