ProZ bayan shekara biyu ina biya

Da na ajiye aikin ofis na koma yin fassara daga Ingilishi zuwa Hausa a gida, ba fassarar ce ta ba ni wuya ba, samun mai kawo aikin ne. Wata abokiyar sana'a ce ta nuna mini ProZ.com, dandalin masu fassara da aka kafa a Amurka a 1999. Rajista kyauta ce, sai dai mai biyan kuɗin shekara shi ake sawa gaba. Shekarata biyu ke nan ina biya.

Wurin tallan ayyuka bai taɓa ciyar da ni ba. Aiki na fitowa, kafin ka gama karanta bayaninsa an yi masa ca, kowa na karya farashi kamar a wajen gwanjo. Tayin da na tura ba ya ƙirguwa, biyu kacal suka zama aiki.

Abin da ya fanshe kuɗina shi ne Blue Board, inda masu fassara ke ba kamfanoni maki daga 1 zuwa 5, su rubuta yadda suka kwashe da su. Kafin in san shi, wani kamfani ya taɓa riƙe mini kuɗi wata biyar, kullum "gobe", har na gaji da tuni. Kwanaki wasu suka turo mini saƙo mai zaƙi: kalma dubu shida, farashi mai tsoka, amma in fara yi musu gwaji kyauta mai shafi uku. Na leƙa Blue Board, sai ga 1 da 2 reras, kowa na kukan ba a biya shi ba. Na ce musu na gode, hannuna cike yake.

Masu ba ni aiki na gaske ta jerin sunayen masu fassara suka same ni. Manajan aiki yana zaɓar harsuna biyu da fanni, sunayen masu biya su fito a sama, a tsakaninsu kuma makin KudoZ ne ke raba gardama. Makin nan ana samunsa ne in wani ya tambayi ma'anar kalma ya zaɓi amsarka. Amsa ɗaya ba ta wuce maki 4. Da farko na cika shafina da fannoni barkatai, har da shari'a da ban san kanta ba. Sai da na rage zuwa lafiya da noma saƙonni suka fara shigowa.

Riƙe mai ba da aiki kuwa, wannan ba ProZ ne zai yi maka ba. Wata manaja ta ba ni takardar asibiti mai kalmar da za ta iya nufin sallamar majiyyaci, ta kuma iya nufin ruwan da ke fita daga miki, jimlar kuma ba ta nuna wanne ba. Ban yi shaci-faɗi ba, na tambaye ta kafin in fara, na miƙa aikin da safe maimakon yamma, haɗe da ɗan jerin kalmomin da na tsayar. Tun daga nan ba ta sake neman wani ba. Da ta sauya kamfani ma da sunana ta tafi, ta kuma rubuta mini shaida a shafina ba tare da na roƙa sau biyu ba.

Wata mai zuwa zan sabunta biyan. Saƙonnin tallan aiki dai na kashe su tun bara.