Idan rai ya yi halinsa a Ingila: a binne a can, a kawo gida, ko a ƙona?

Duk mai ɗa, ƙane ko miji a Ingila ya kamata ya san wani abu tun kafin a bugo masa waya da tsakar dare: a ƙasar, cikin mutum goma da suka mutu, kusan takwas ƙona su ake yi. Tun 1885 aka fara ƙona gawa a hukumance a garin Woking, yau kuwa binnewa ce ta koma ta 'yan tsiraru. Idan dangi suka shiga kamfanin shirya jana'iza, doka ta tilasta masa tun 2021 ya baje farashinsa a fili, kuma abin da ya fi arha a takardar, da tazara mai nisa, shi ne ƙonawa. Mutumin da ke cikin ɗimuwa, ga ƙarancin kuɗi, ga Turancin takardu, yana iya sa hannu a kan abin da bai fahimta ba.

Bari in fara da ƙonawar, domin a san me ake sayarwa. Ana saka gawa da akwatinta a cikin murhu mai zafin da ya haura digiri 800, na kimanin awa ɗaya da rabi. Abin da ya rage gutsattsarin ƙashi ne, sai a niƙa shi a inji. Shi ne "tokar" da ake miƙa wa iyali, kilo biyu zuwa uku, galibi a cikin gwangwanin roba ko kwali mai ɗauke da sunan mamacin. Ƙonawar da ake yi ba taro ba addu'a tana kamawa wajen fam 1,500, alhali binnewa ta kamfani kan wuce fam 5,000, a Landan ma ta fi haka.

Daga nan sai zaɓin inda za a kai tokar. Wasu su bar ta a lambun gidan ƙonawar, wasu su binne gwangwanin a ƙaramin kabari, wasu su ajiye a falo. Masu watsawa ba sa neman lasisi a Ingila, izinin mai fili kawai ake buƙata. A kogi ko teku, hukumar muhalli tana so a yi nesa da inda ake ɗibar ruwan sha, kar kuma a jefa furannin roba. Mabiya addinin Hindu da Sikh na yankin Leicester suna fita da jirgin ruwa a kogin Soar, masu hali kuma su ɗauki tokar har kogin Ganga a Indiya. Amma dokar ba ɗaya ba ce a ko'ina: a Amurka sai an yi nisan mil uku na teku daga gaɓa, a kuma sanar da hukuma cikin kwana 30. Faransa ta hana ajiye toka a gida tun 2008. A yawancin jihohin Jamus kuwa, maƙabarta ko teku ne kawai wurinta.

Ga Musulmi wannan ƙofar a rufe take, babu saɓani tsakanin mazhabobi. Allah ya ce a Suratu Abasa ya kashe mutum sannan ya sanya shi a kabari, kuma hadisin Abu Dawud ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Ina ga niƙa shi? 'Yan'uwanmu Kiristoci kuma su lura: Cocin Katolika ta halatta ƙonawa tun 1963, amma a 2016 ta hana watsa toka ko ajiye ta a gida. Na kawo bayanin ne saboda gidajen da aka yi auratayya. Matar da ba Musulma ba, ko 'ya'yan da suka tashi a can, suna iya zaɓar ƙonawa da kyakkyawar niyya, don abin da suka ga an yi wa kakanninsu ke nan. Kuma a dokar Ingila, abin da mutum ya rubuta a wasiyya game da jana'izarsa ba ya ɗaure kowa. Wanda ya naɗa ya zartar da wasiyyar shi ke da wuƙa da nama.

Akwai wani rami da ɗalibai da marasa dangi ke faɗawa. Idan ba wanda ya fito ya ɗauki nauyin gawa, ƙaramar hukuma ce ke yi mata sutura a ƙarƙashin wata doka ta 1984, kuma sau da yawa ƙonawa take zaɓa. Amma dokar ta hana ta ƙona wanda take da dalilin zaton ba zai so haka ba. Ke nan waya ɗaya daga aboki ko limami, a ce "wannan Musulmi ne", tana iya sauya komai.

Sai kawo gawa gida, wanda shi zuciya ta fi so. Uwa tana son ta yi wa ɗanta kallon ƙarshe, dangi suna son kabarin da za su riƙa ziyarta. Mun ga yadda marigayi Muhammadu Buhari ya rasu a Landan ranar 13 ga Yuli 2025, aka binne shi a Daura ranar 15. Kar wannan ya ruɗi kowa, jirgin gwamnati ne da hannun hukumomin ƙasashe biyu. Talaka sai ya nemi izinin fitar da gawa daga jami'in binciken mutuwa, wanda suke ce wa coroner, kuma bisa ƙa'ida ana jiran kwana huɗu cur bayan an sanar da shi, sai dai in ya yafe. Ga takardar shaidar cewa babu cuta mai yaɗuwa, ga takardun ofishin jakadanci. Mako ɗaya zuwa biyu ba abin mamaki ba ne, kuɗin kuma dubban fam.

Abin da ya fi damuna ba kuɗin ba ne. Kamfanonin jirgi galibi ba sa karɓar gawa sai an yi mata aikin hana ruɓewa, wato a zuƙe jini a ɗura sinadari ta jijiya. Sannan a saka ta a akwati mai rufin ƙarfe a ciki, a liƙe, a auna a sikeli, a biya bisa nauyi, ta shiga ɗakin kaya. Malaman Malikiyya sun yarda a ɗauki mamaci zuwa wani gari idan akwai maslaha kuma ba a keta alfarmarsa ba. A Muwaɗɗa an ruwaito cewa Sa'adu bin Abi Waƙƙas ya rasu a Aƙiƙ aka kai shi Madina. Sai dai tsakanin Aƙiƙ da Madina 'yar tafiya ce, ba a yanka jijiyar kowa ba. Shahidan Uhudu kuwa Annabi (SAW) cewa ya yi a mayar da su a binne inda suka faɗi, kuma umarninsa na gaggauta jana'iza yana cikin Bukhari da Muslim.

Shi ya sa, a ganina, binnewa a can ita ta fi, in dai babu wani dalili mai ƙarfi. Ƙasa duk ta Allah ce, addu'a kuma ba ta neman biza. Musulmi sun daɗe suna binne nasu a Ingila: maƙabartar Brookwood a Surrey tana da sashensu tun ƙarni na 19, Gardens of Peace kuma, a Hainault da ke gabashin Landan, an buɗe ta a 2002 don Musulmi zalla. A can kaburbura jere suke suna kallon alƙibla, tudun ƙasa da ɗan allo mai suna, na attajiri da na direban bas iri ɗaya. Birane kamar Birmingham, Bradford da Manchester suna da sashen Musulmi a maƙabartun hukuma, kuma manyan masallatai da yawa suna da ɗakin wanka da motar gawa, a farashin da yakan gaza na kamfanoni.

Nan ma sai an buɗe ido. Kabari a Ingila ba mallaka ba ne, haya ce ta wasu shekaru, sau da yawa 50 zuwa 100, don haka a tambayi adadin da kuma abin da zai biyo baya. Wanda ba mazaunin ƙaramar hukumar ba ne ana iya ninka masa kuɗin fili sau biyu ko uku. A tambaya ko kabarin na mutum ɗaya ne ko mai hawa biyu. Doka ba ta ce dole sai da akwati ba, amma wasu maƙabartun sun ce dole, wasu kuma sun yarda da likkafani kaɗai. Idan yaro ne da bai kai shekara 18 ba, akwai asusun gwamnati tun 2019 da ke biyan kuɗin kabarin, kuma ba a duba samun iyaye.

Saurin da muka saba da shi, a rasu da asuba a binne kafin azahar, da wuya a same shi. Tun Satumba 2024 kowace mutuwar da ba ta shiga hannun jami'in bincike ba sai wani likita na daban ya duba musabbabinta kafin a yi rajista a ba da koriyar takardar izinin binnewa. Idan mutuwar ta zo ba zato, jami'in bincike na iya cewa a buɗe gawa. A nan iyali su yi saurin roƙon a yi amfani da na'urar ɗaukar hoton cikin jiki maimakon wuƙa. Ana yarda a wurare da dama, ko da yake wani lokaci iyalin ne ke biya. A kuma faɗa wa asibiti tun da wuri cewa addini na buƙatar gaggawa, domin wasu ƙananan hukumomin suna ba da takardar har a ƙarshen mako.

Wanda ke zaune a can ya shiga asusun jana'iza na masallacinsa ko na ƙungiyar Hausawan garinsu, inda kowa ke zuba ɗan abu a shekara. In tsarin biya-tun-da-rai na kamfani zai saya, ya tabbatar kamfanin yana da rajista da hukumar kula da harkokin kuɗi ta FCA, wadda ke sa ido a kansu tun Yuli 2022, ya kuma karanta da kyau ko kuɗin filin kabari yana ciki, don sau da yawa ba ya ciki. Ya rubuta cewa binnewa yake so bisa tsarin Musulunci, ya naɗa mai zartarwa da ya yarda da shi, ya ba matarsa da limaminsa kofi. Iyayen da ke gida kuma, tun yau ku karɓi lambar mutum biyu da ke gari ɗaya da ɗanku, ɗaya daga cikinsu ya zama na masallaci.