Tauraron ɗan adam ko shiga daji da tef?

Wajen auna kabon na dazukan Kwango, wato sinadarin da bishiyoyi ke zuƙa daga iska su adana a jikinsu, tauraron ɗan adam ya fi sauri nesa ba kusa ba. GEDI, wani injin awo na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, tun 2018 yana tashar sararin samaniya yana harba hasken lesa ya auna tsawon bishiyoyi, tauraron Biomass na Turai kuma da aka harba a 2025 radarsa tana ratsa gajimare da ganye. Amma fa ƙiyasi ne. Masu shiga daji su kam tef suke zagaya wa bishiya daidai ƙirji, mita 1.3, su lissafo nauyin busasshen itacen, kusan rabinsa kabon ne. Ga tsada ga sauro, ɗan fili suke aunawa, sai dai da alƙalumansu ake gyara lissafin tauraron, kabon na ƙarƙashin fadama ma sai an haƙa.