Sharhi kan kwafin zanen Sarki Louis na 14 da na sa aka yi mini da hannu

Tun ranar da na tsaya a Zauren Madubai na fadar Versailles, kusa da birnin Faris, wuyana ya yi ciwo don kallon sama, nake da burin in mallaki ko da yanki ɗaya na zanen rufin nan. Zauren tsawonsa mita 73, da madubai 357 suna fuskantar tagogi 17, amma ni rufin ne ya tafi da hankalina. Charles Le Brun ya zana shi tsakanin 1681 da 1684, zane 30, dukkansu yabon mutum ɗaya. Bana Allah ya nufa, na aika wa wani shagon masu zane a intanet, na ce su yi mini kwafin zanen tsakiya da fentin mai a kan ƙyalle mai kauri, santimita 120 a tsaye, 90 a kwance.

Zanen da na zaɓa shi ne wanda ake kira Sarki na mulki da kansa. Labarin 1661 yake bayarwa, shekarar da Kadinal Mazarin, babban wazirin Faransa, ya rasu, Louis yana ɗan shekara 22 ya ce daga yau babu wazirin da zai riƙe masa ƙasa. Wanda ya taɓa jin ana yi wa sarki kirari a ƙofar fada ba zai sha wuyar gane wannan aiki ba. Kirari ne da fenti. Maroƙi zai ce giwa, ya ce hadari, kowa ya san ba dabba ko ruwan sama yake nufi ba. Haka Le Brun ya yi. Ya zaunar da sarki cikin sulken mayaƙan Rum, hannunsa a kan sandar da ake juya jirgin ruwa da ita, wato ragamar ƙasa tana hannunsa. Macen da ke tsaye kusa da shi da garkuwa ita ce hikima, har fuskar sarkin tana bayyana a jikin garkuwar. Can sama wata na miƙo kambin taurari, ita ce ɗaukaka. A ƙasa kuma yara ne ke ta wasanni da kaɗe-kaɗe, su ne shagalin ƙuruciya, sarki ya kau da kai daga gare su.

Sati bakwai aikin ya ɗauka kafin ya iso, a naɗe cikin bututun kwali, babu inda ya kare. Da na warware, warin fenti ya cika ɗaki, na shafa da yatsa na ji sawun buroshi, na tabbata ba inji ne ya buga ba. Launin ya burge ni ƙwarai. Shuɗin mayafin sarki ya fito da nauyinsa, gajimaren ma kamar ka sa hannu ka taɓa. Fuskar sarkin sun yi mata aiki na natsuwa. Kafintan da ya haɗa mini firam ya daɗe yana kallo kafin ya ce, "Malam, wannan ai mai hannu ne ya yi shi."

Sai da na rataye shi na zauna da hoton asali a waya ina gwadawa, sannan zuciyata ta sosu. Sandar jirgin nan da ke hannun sarki ta koma sanda kawai, irin ta dogarawa. Garkuwar hikima an shafe ta da toka-toka, babu fuskar kowa a jikinta. Yaran da ke ƙasa sun cure wuri ɗaya, ba ka gane me kowane yake riƙe da shi. Mai zanen ya kwaikwayi abin da idonsa ya gani, amma da alama babu wanda ya gaya masa abin da kayan nan ke faɗa. A irin wannan zane kowane abu kalma ce. Ka cire sandar jirgi, ka cire "mulki da kansa", abin da ya rage saurayi ne zaune cikin mata da gajimare. Wannan ya dame ni fiye da yadda na zata, domin saboda ma'anar na saya.

Wani ɓangaren ba daga gare su ba ne. Le Brun ya yi aikinsa ne don rufi mai lanƙwasa, sama da mita 12 daga ƙasa, kewaye da adon zinariya, a kalle shi da kai a ɗage. Da aka matse shi cikin ƙyallen da bai kai faɗin ƙofa biyu ba, dole ƙananan siffofi su shige cikin juna. Da na san haka, da rabin zanen na ƙasa kawai na ce a ɗauko, a bar taron da ke cikin gajimare.

Akwai kuma maganar da ya kamata mai saye daga cikinmu ya sani tun wuri. A bayan sarki akwai mata uku da ba su da cikakkiyar sutura, haka suke a asali. Na roƙi a yafa musu mayafi, an kuma yi shi da kyau, ba ka cewa ƙari ne. Duk da haka uwargida ta ce ba a falo ba, inda ake salla kuma baƙi ke zama, na ga gaskiyarta. Yana ɗakin karatuna.

Na rubuta wa shagon na nuna musu wuraren uku, wato sandar jirgi da garkuwa da yaran. Sun amsa cikin ladabi, sun ce da na yi magana lokacin da suka turo hoton aikin kafin ya bushe, da an gyara. Hoton kuwa ƙarami ne, daga nesa aka ɗauka. Duk mai niyyar yin irin wannan oda, ya rubuta musu jerin kayan da ke hannun kowace siffa tun farko, ya kuma nemi a ɗauko masa kowace kusurwa daga kusa kafin ya ce ya amince. A hannu da launi na ba su huɗu cikin biyar, a fahimtar zanen biyu. Yanzu ina neman mai zane a nan gida da zai mayar mini da sandar jirgin a hannun sarki.